Cigiya a Cikin Akwatin Talla

Mai Akwati ake kiransa a ɗakin karatun, kuma sunan bai zalunce shi ba. Tun da aka fara aikin zuba tsohuwar jaridar garin a intanet, abin da yake yi ke nan daga safe zuwa yamma. A ɗauki hoton shafi, a buɗe masa a kwamfuta, shi kuma ya bi shi yana zana jan akwati a kan kowane abu, yana liƙa masa alama. Wannan kanu ne, wannan labari, wannan hoto, wannan ra'ayin edita, wannan talla. Da alamar nan shafin intanet zai san abin da zai nuna da abin da zai bari a ɓoye. Jaridar mako-mako ce da ta yi shekara sittin tana fitowa kafin ta mutu. Su biyar ne a kan aikin, kuma shi ya rubuta ƙa'idojin da sauran ke bi, shafi tara cif har da zane-zane. In kana son ka ga ɓacin ransa, ka ce akwai gyara a takardar nan.

Ranar da aka zauna a tsayar da yadda shafin zai fito, a ɗakin ƙasa aka yi taron, ɗakin da babu taga sai fanka ɗaya mai kuka. Shugaba yana can ƙarshen tebur yana satar kallon agogo. Injiniyan da ke gina shafin ya haska musu samfuri a bango, fari tas, kanu a sama, labari a ƙasa, gurbin bincike a tsakiya. Kowa ya yaba. Sai Inna Mai Makulli ta ɗaga biro. Shekara talatin da ɗaya ke nan ita ke riƙe da ɗakin da aka jera kundayen jaridar, kuma ba ta cika magana a taro ba.

"Ƙananan sanarwar nan na shafin baya fa?" in ji ta. "Cigiya, ta'aziyya, canjin suna, wanda ya tsinci jaka. Ina ka sa su?"

"Talla ne, Inna," in ji Mai Akwati.

"Talla? Wa ke sayar da me?"

"Layi ɗaya suke da masu sabulu da masu keke, kuma baƙin layi iri ɗaya ya zagaye su. Rubutun ƙanana kamar tururuwa. Manhajar da ke karanta hoto in ta zo kansu shirme take zubarwa, sai dai a zauna a buga su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mu biyar ne, wata huɗu ya rage a buɗe shafin."

Injiniya ya ƙara da cewa duk abin da aka ce talla ne bincike ba zai taɓa shi ba, shafin baya ma ba za a nuna shi ba sai a zango na biyu. Kowa a wurin ya san zango na biyu, shi ne inda ake kai abin da ba a da niyyar yi.

Inna ta ce, "A cikin mutum goma da ke zuwa wurina, bakwai shafin baya suke nema. Ban taɓa ganin wanda ya hau mota ya zo don in nuna masa jawabin minista ba."

"Inna, tarihi muke adanawa," in ji Mai Akwati, "ba akuyar da ta ɓata ba."

Aka kwashe da dariya, har Shugaba. Inna ta rufe littafinta ta mayar da biro cikin jaka. Maganar ta yi wa Mai Akwati daɗi ƙwarai, har ya maimaita wa matarsa da ya koma gida.

A gidan kuwa akwai Baffa. Ƙanen mahaifinsa ne, wanda ya fita yana ɗan shekara goma sha tara, bai sake waiwayowa ba sai bayan shekara arba'in da huɗu. Wata bakwai da suka wuce aka ƙwanƙwasa ƙofa, Mai Akwati ya buɗe, ya ga fuskar marigayi mahaifinsa a jikin wani dogon tsoho mai jaka ɗaya da tari. Bai ma nemi shaida ba. Labarin da aka sani a gidan gajere ne. Kakansu kafinta ne, zarto ya ɓata a shago, ya ce Baffa ne ya ɗauka, ya kwaɗa masa mari a gaban mutane, washegari aka nemi yaro aka rasa. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi gadi, ya yi tuƙi a garuruwan da ko sunansu ba ya son faɗa. Da ya dawo, duk wanda zai yi wa fushi ya riga ya mutu.

Aka ba shi ɗakin baya. Makon farko Mai Akwati har da su hawaye, yana ta kiran 'yan uwa a waya. Zuwa wata na uku sai ya fara lura da abubuwa. Baffa ba ya kashe rediyo. Baffa in ya shiga banɗaki da safe, sai kowa ya makara. Baffa yana ba yara labarin teku har su manta da aikin makaranta. Ga 'yar Mai Akwati ta kai shekara goma sha uku tana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta maza biyu. Bai taɓa furta komai ba, kuma yana ganin wannan shirun nasa ma kirki ne. Amma sau biyu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin baya yana auna da ido inda gadon yarinyar zai zauna, da inda ɗan teburinsa zai shiga in an matsa.

Wata Asabar da safe ya buɗe shafin gwaji a kwamfutarsa a falo, yana nuna wa matarsa. Ya buga sunan layinsu, sai ga labarin ranar da aka sa masa fitilu, da hoton mutane sun yi cirko-cirko suna kallon sama. Baffa ya fito da kofin shayi ya tsaya a bayansu.

"Ɗana, wannan abin naka, duk abin da jaridar ta taɓa bugawa yana ciki?"

"Duka, Baffa. Shekara sittin. Kalma ɗaya kawai za ka faɗa."

Matar ta ce, "Af, ai marigayi Baba ya taɓa gaya mana an sa cigiyar Baffa a jarida. Ko ba haka ya ce ba?"

"Wa?" Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tsohon nan ya sa ni a jarida? 'Yata, ba ki san shi ba." Amma ya ajiye kofin, ya jawo kujera, ya ciro tabarau daga aljihu ya goge da bakin riga. "To buga mu gani."

Mai Akwati ya buga sunan Baffa da na kakansu a bayansa. Kafin ya danna, ya tuna. Kada wani ya tausaya masa ya ce mantuwa ce, domin ba mantuwa ba ce. Ya tuna ɗakin ƙasa, ya tuna biron Inna, ya tuna shafi na huɗu na ƙa'idojinsa inda ya rubuta da hannunsa cewa cigiya talla ce. Jimla ɗaya ta ishe shi: Baffa, wannan bai kai ga cigiya ba tukuna. To amma yanzu ya gama cewa "duka" a gaban matarsa, ƙirji a buɗe. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani abu da ya fi shi muni, ɗakin baya ne ya gilma masa a ido. Ya danna.

Farin shafi ya fito da layi ɗaya a tsakiya: Ba a sami komai ba.

Baffa ya matso ya karanta da kansa, a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Sake."

Ya sake. Layin bai canza ba.

"Ai na gaya miki," Baffa ya ce wa matar, yana murmushi. Ya naɗe tabarau. "Na gode, ɗana. Gara da na gani da idona." Ya ɗauki kofinsa ya koma ɗaki, shayin ko rabi bai sha ba.

Daga ranar rediyon ya yi shiru. Banɗaki minti biyar ya fito. Yara suka je neman ƙarshen labarin wani kifi da ya bi jirginsu kwana uku, ya ce ya manta. Abin da bai manta ba shi ne mahaifinsa. Mutumin da wata bakwai bai ambace shi ba sai da "tsohon nan", yanzu ana cikin cin abinci sai ya ajiye cokali ya fara. Mutumin da zarto ya fi masa ɗa. Mutumin da bai iya taka ƙafa zuwa ofishin jarida ba, ga shi nan bayan kasuwa. Ya ce shekara arba'in da huɗu yana gaya wa kansa wataƙila an neme shi bai ji ba, ashe wauta ce. Wata rana har ya faɗi kalmar da matar gidan ta tashi ta kora yara ɗaki. Mai Akwati yana zaune yana tauna abinci kamar yana tauna takarda.

Duk abin da ya taɓa so daga Baffa ya samu, shiru da banɗaki a kan lokaci, kuma bai taɓa jin ya tsani kansa irin haka ba. Kullum da safe yana cewa yau zai faɗa. Kullum sai ya ga faɗar ta ƙara nauyi, don jiya kwana uku zai nemi gafara a kai, yau huɗu.

A wurin aiki ma abin ya bi shi. Da can shafin baya ne hutunsa, sharr, sharr, akwati goma sha biyar kafin shayi ya huce. Yanzu ido ya ƙi wucewa. Wata mata na neman mijinta da ya tafi gyaran haƙori bai dawo ba. Wani direba ya tsinci takardun makaranta a kujerar baya, yana ajiye da su. Wasu 'yan uwa suna gode wa duk wanda ya taimaka ranar da rufin gidansu ya faɗi. Ya karanta, ya zana akwati, ya liƙa "talla", don haka ƙa'ida ta ce, kuma shi ya rubuta ta.

Ran Talata matarsa ta same shi yana ɗaura takalmi.

"Baffa ya wanke kayansa kaf. Ya ce in nemo masa mai mota ran Asabar, wai akwai wani abokin aikinsa na jirgi da ke da ɗaki."

"Wane aboki?"

"Oho. Ni ban yarda akwai shi ba. Ka ce wani abu mana."

"Me zan ce? Babba ne, ya san abin da yake yi."

Ta dube shi. "Kai dai tun ranar kwamfutar nan ba ka haɗa ido da shi ba. Ban san me ka yi ba, amma ka yi."

Duk da haka sai da ya ƙara kwana biyu. Ran Alhamis ya sauka zuwa ɗakin Inna Mai Makulli. Tun ranar taro bai taka wurin ba. Tana zaune a bayan teburinta tana liƙe wani shafi da ya yage, kundaye sun jeru a bayanta har rufi, kowanne da shekararsa a ƙeya. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya tambayi ƙafarta, ya sake tambayar gida. Ta amsa duka ba ta ɗago ba, ta bar shi ya gama zagayensa.

"Inna, cigiya nake nema."

"Akuya ce ta ɓata?"

Ya sunkuyar da kai. Ya gaya mata komai, har da ɗakin baya, wanda bai yi niyyar faɗa ba. Ya so ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

"Ai hotunan shafukan suna cikin kwamfutarka," ta ce. "Me ya kawo ka nan?"

"Na kasa buɗewa. In babu fa? In kuma akwai fa?"

"Wace shekara?"

Ya faɗa. Ta miƙe tana dafa tebur, ta nuna masa kundi na uku daga sama, ta ce ƙafarta ba ta hawa tsani yanzu. Ya sauko da shi, suka shimfiɗa a tebur. Ta hana shi taɓawa sai da ya wanke hannu. Ita ke buɗewa, kullum daga baya, don hannunta ya san hanya. Watan farko babu. Na biyu babu. Ya fara jin wani sauƙi mai ban kunya, don in babu, ƙaryarsa ta zama gaskiya. Sai a wata na biyar yatsanta ya tsaya a layi na uku, tsakanin mai sabulu da mai gyaran agogo.

Cigiya. Sunan Baffa cikakke. Ɗan shekara goma sha tara, dogo, yana da tabo a girar hagu. Ka dawo gida. An ga zarton. Mahaifinka.

Mai Akwati ya nemi kujera ya zauna. Inna ta buɗe mako na gaba, tana nan. Na gaba, tana nan, wani lokaci a sama, wani lokaci a can ƙasa inda ɗinkin kundi ya kusa cinye ta. Ta ɗauko takarda tana jan layi da fensir. Suka gama kundin, ya sauko da na shekara ta gaba, sannan na bayanta. Mako ɗari da goma sha uku. Ukun ƙarshe ba "Mahaifinka" aka sa a ƙasa ba, "Yayanka" aka sa. Daga nan babu.

"Je ka buga masa su a takarda," in ji Inna. "Duka, ba guda ɗaya ba."

Da ya hau sama ya buɗe hoton shafin farko don ya buga, sai ya ga jan akwati ya zagaye cigiyar tsaf, kusurwa huɗu babu karkace. Manhajar tana ajiye sunan wanda ya zana kowane akwati da lokacin da ya zana shi. Shekarun nan uku rabonsa ne. Shi ya zagaye sunan Baffa sau ɗari da goma sha uku, cikin kwana biyu, bai karanta ko ɗaya ba. Na farkon daƙiƙa huɗu ya ɗauke shi. Ya cire jan layin kafin ya buga, sannan ya ji kunyar cirewar ma.

Washegari da safe ya shiga ofishin Shugaba, ya tarar da Injiniya a ciki. Ya ce yana so a ƙara alama sabuwa, "sanarwa", a raba ta da talla, a buga rubutun da hannu, a nuna shafin baya.

"Ba kai ne ka tsaya kai da fata ba?" in ji Shugaba.

"Ni ne. Inna ce ke da gaskiya."

Injiniya ya dafe kai, ya ce wannan aikin wata takwas ne, ranar buɗewa kuma an riga an sanar. Aka ja, aka ja. A ƙarshe Shugaba ya yanke cewa za a buɗe a ranar da aka sa, shafin baya zai fito ko da hoto ne kawai, bugun hannu kuma Mai Akwati zai fara da kansa ran Litinin. Kafin a gama, a rubuta a ƙarƙashin gurbin bincike, inda kowa zai gani, cewa binciken bai kai ga cigiya da sauran ƙananan sanarwa ba tukuna. Injiniya ya buga layin nan take, bai kai minti ɗaya ba. Mai Akwati ya tsaya yana kallonsa a allo, jimlar da ya kasa faɗa a falonsa ce.

Ya nemi izini ya koma gida da rana, takardun a cikin ambulan. Baffa na zaune a bakin gado, jakarsa a ɗaure a gefe, an naɗe bargo an ajiye a kan filo. An share ɗakin tas. Mai Akwati ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Lafiya, ɗana? Ba ka wurin aiki?"

"Baffa, na zo da wani abu."

Ya miƙa ambulan. Baffa ya zaro takardar farko ya nisanta ta da ido, ya matso da ita, ya ce tabaraunsa na cikin jaka. "Karanta mini."

Ya karanta. Ya iso kan tabon gira. Baffa ya kai hannu ya taɓa girarsa ta hagu.

"An ga zarton," Baffa ya maimaita. "A ina?"

"Bai faɗa ba."

"Ba zai faɗa ba." Ya dubi kaurin ambulan. "Sauran fa?"

"Ita ce dai. Kowane mako. Ɗari da goma sha uku."

Baffa ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Ya zuba wa bango ido, numfashinsa na fita da ɗan sauti. Mai Akwati ya san zai iya tsayawa a nan. Zai iya zama ɗan kirkin da ya shiga ɗakin ƙura ya tono wa baffansa gaskiya, a sa masa albarka, a kira 'yan uwa a waya. Ba wanda zai sani sai Inna, ita kuwa ba ta magana.

"Baffa, ranar da na buga sunanka, na san ba zai fito ba. Ni na tsara abin ya tsallake cigiya. Na sani kafin in danna."

Baffa ya juyo. "Ka sani."

"Na sani."

"Ɗakin ne?"

Mai Akwati ya dubi ƙasa.

"Na gan ka kana awo a bakin ƙofa, sau biyu," in ji Baffa. Babu faɗa a muryarsa. "Ɗaki ba wani abu ba ne, ɗana. Na kwana a ƙarƙashin mota, na kwana a kan buhu. Da ka ce Baffa yarinya ta girma, da ni zan ɗauki tabarma in koma falo. Amma kwana goma sha uku ka zauna kana cin abinci ina zagin ubana a gabanka. Kakanka ne fa. Ga shi ba ya nan balle in ce masa ya yi haƙuri."

Mai Akwati ya ce a yafe masa. Ya faɗa sau biyu. Baffa bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar jakar, ya lalubo tabarau, ya sa.

"Karanta."

"Wacce, Baffa?"

"Duka. Daga farko, da kwanan wata."

"Yawancinsu iri ɗaya ne."

"Shi da ya je ya sa ta bai ce iri ɗaya ba ce."

Ya fara. Kwanan wata, suna, shekara goma sha tara, dogo, tabo a girar hagu, ka dawo gida, an ga zarton. Ya gama ɗaya ya miƙa, Baffa ya duba ya kife ta a kan gado. Kwanan wata, suna, dogo, tabo. Gwiwar Mai Akwati ta fara ciwo, bai gyara zama ba. A ta ashirin da shida an ƙara layi: Ba wanda zai yi maka faɗa. Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce ci gaba. A ta arba'in da ɗaya shekarun sun koma ashirin, mahaifin Baffa yana ƙirga masa. A ta hamsin da takwas an cire maganar zarto gaba ɗaya, an sa: Ni na yi kuskure. Baffa ya karɓi wannan bai kife ta ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, hawaye na bin tsagin fuskarsa har cikin gemu, bai share ba.

Matar gidan ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ta dubi mijinta a ƙasa, ta dubi takardu a kan gado, ta yi ƙasa da murya.

"Baffa, mai motar ya kira. Wai ƙarfe nawa goben?"

"Ki ce masa ba gobe ba, 'yata. Muna da aiki."

Ta ja ƙofar a hankali. Baffa ya mayar da tabarau ya ce to. Mai Akwati ya ɗauki ta gaba, idonsa ya cika har rubutun na rawa, takardu biyu suka manne a yatsansa bai lura ba. Ya karanta kwanan wata.

"Tsaya," in ji Baffa. "Ka tsallake mako ɗaya."

"Mannewa suka yi, Baffa."

"Na sani. Koma baya. Wannan makon ma sai da ya rufe shago ya taka ya je."

Mai Akwati ya lashi yatsa ya raba takardun, ya karanta wadda ya tsallake tun daga kwanan wata.